Yadda Ake Zaɓar Ƙaramar Na'urar Sauraron Waƙa Mai Tsaftataccen Sauti

Tun da Apple ya daina yin iPod a 2022, bayan fiye da shekara ashirin da fitowarsa, mutane da yawa sun ɗauka zamanin 'yar na'urar da ake jefawa aljihu don sauraro kawai ya wuce. Bai wuce ba. Sony na nan yana fitar da Walkman na zamani, kamfanonin China irin su FiiO da Shanling da HiBy sun cika kasuwa, Astell&Kern na Koriya ta Kudu kuma ya riƙe ɓangaren masu tsada. Matsalar mai saye ita ce kwalin kowace na'ura cike yake da lambobi da tambura, kuma yawancinsu ba su ne ke sa sauti ya yi daɗi ba. Abin da ke yanke hukunci, bisa jeri, shi ne iyafis ɗin da ka sa a kunne, sai ingancin fayil ɗin da kake kunnawa, sannan na'urar. Wanda ya juya wannan jeri zai kashe kuɗi mai yawa ya ji abin da ya saba ji a wayarsa.

Fara da tambayar ko kana bukatarta

Idan damuwarka kawai ita ce wayarka ba ta da ramin iyafis, abin da ya zama ruwan dare tun da iPhone 7 ya cire shi a 2016, ko kuma sautinta ba ya da ƙarfi, akwai hanya mai araha: 'yar igiya mai kan USB-C a gefe ɗaya da ramin 3.5mm a ɗaya gefen, wadda ke ɗauke da DAC a cikinta. DAC shi ne ɗan guntun da ke mayar da lambobin da ke cikin fayil su zama siginar sauti. Irin ta Apple, da aka sayar a kan dala 9 a Amurka, tana fitar da sauti mai tsafta fiye da na'urori da dama da suka ninka ta kuɗi. Sai dai a lura, wadda aka yi wa kasuwar Turai bolt ɗin da take fitarwa rabin na ta Amurka ne.

Na'ura mai zaman kanta tana da amfani idan kana son sauraro na awanni ba tare da ka cinye cajin waya ba, musamman inda wuta ba ta zama. Ko kana da tarin waƙoƙi da karatu da suka fi ƙarfin ma'ajiyar wayar. Ko kana son ka saurari tafsiri ba kira ya katse ka ba. Ko iyafis ɗinka na bukatar ƙarfin da waya ba za ta bayar ba. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye kuɗinka.

Iyafis kafin na'ura

Bambancin da ke tsakanin iyafis biyu ya ninka wanda ke tsakanin na'urori biyu masu kyau sau da yawa. Don haka raba kuɗinka tun farko: aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya tafi wajen abin da zai shiga kunne, in da hali ma rabi. Yau da kusan dala 20 ana samun iyafis masu shiga cikin kunne waɗanda sautinsu ya daidaitu, irin su Moondrop Chu, 7Hz Salnotes Zero ko Tangzu Wan'er. Zaɓi wanda igiyarsa ke cirewa, ko mai fil biyu na 0.78mm ko mai kan MMCX, domin igiya ce ke fara mutuwa, kusan kullum a gindin filogi inda take lanƙwashewa a aljihu.

Robar bakin iyafis kuwa ba ado ba ce. Suna zuwa girma uku. Idan robar ba ta toshe ramin kunne sosai ba, iska na fita, kaurin sautin ya zube, ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Mutane da yawa sun ɗora wa na'ura laifin da na roba ne. Gwada duka ukun, kuma kada ka yi mamaki in kunnen dama da na hagu suka bukaci girma daban.

A kwalin iyafis nemi lambobi biyu. Na farko turjiyarsa ga lantarki, wadda ake aunawa da om: yawancin na cikin kunne suna tsakanin 16 da 32, manyan hedifon na zaman gida irin Sennheiser HD 600 kuma 300 ne. Na biyu saurin amsawarsa, ana rubuta shi kamar 105 dB/mW, ma'ana miliwat ɗaya tak ya isa ya fitar da ƙara mai desibel 105, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara. Riƙe waɗannan lambobi, da su za ka auna na'urar.

Lambobin na'ura da suka cancanci a duba

Wadda aka fi mantawa da ita, alhali ta fi shafar abin da kunne zai ji, ita ce turjiyar mafitar na'urar, wato om nawa ne a ramin da ake soka iyafis. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar iyafis. Iyafis mai om 16 yana son mafita mai om 2 ko ƙasa da haka. In ka samu ƙasa da 1, ka huta da kowane iyafis. Dalili kuwa shi ne turjiyar iyafis ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa da sauka gwargwadon kauri ko sirantakar sautin. Idan ta na'ura ta yi yawa, sai rabon lantarkin ya riƙa canzawa tare da ita, wani sashe na sautin ya kumbura wani ya dushe. An fi jin wannan a iyafis masu ƙananan sifiku da yawa a ciki. Kamfanin da ya ƙi rubuta wannan lamba a takardar bayanin kayansa, yawanci ba abin alfahari ba ce.

Sai ƙarfin fitarwa. Za ka ga an rubuta kamar 90 mW @ 32Ω. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka bolt da kansa a raba da om. Bolt 1 a kan om 32 ya ba da kimanin miliwat 31. Bolt 2 a kan om 300 ya ba da miliwat 13 kacal, shi ya sa manyan hedifon ke bukatar na'ura mai bolt 2 ko fiye. Ƙarin desibel 10 na cin ƙarfi ninki goma. Iyafis mai 105 dB/mW da miliwat 3 ya kai desibel 110, ƙarar da ba wanda ya kamata ya daɗe a cikinta. Ke nan ga mai iyafis na cikin kunne, miliwat 30 zuwa 60 sun isa har da rara, kuma biyan kuɗin na'ura mai miliwat 700 sayen nauyi ne da zafi da saurin ƙarewar batir.

Ƙarfi mai yawa ma yana da illarsa: shuuu ɗin nan da ake ji a bayan waƙa idan wuri ya yi tsit. Iyafis mai saurin amsawa yana tono hayaniyar amfilifaya, wato sashen na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Nemi na'urar da ke da zaɓin ƙaramin ƙarfi da babba, ka bar ta a ƙarami sai in ƙarar ta gaza.

Game da ramuka, 3.5mm shi ne na kowa. Na'urori da yawa sun ƙara na 4.4mm, tsofaffi kuma na 2.5mm, waɗanda kowane kunne ke da wayoyinsa biyu daban, ba su haɗa waya ɗaya ta dawowa ba. Amfaninsu na zahiri shi ne ƙarin ƙarfi, bolt ɗin yakan ninka. Ga gargaɗi mai muhimmanci: kada ka soka adafta a ramin 4.4mm ko 2.5mm don ka haɗa iyafis mai kan 3.5mm na yau da kullum. Yin haka yana haɗe wayoyi biyu da bai kamata su taɓa juna ba, kuma yana iya ƙona amfilifayar. Akasin haka, wato igiyar 4.4mm zuwa ramin 3.5mm, ba shi da haɗari.

Sunan guntun DAC kuwa, ko ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic, kada ya ɗauke maka hankali. Dukkansu sun wuce iyakar abin da kunne ke rarrabewa. Yadda aka gina da'irar da ke kewaye da su ne ke bambanta na'urori. Haka tambarin zinare na Hi-Res Audio: yana nufin na'urar na iya kunna fayil mai bit 24 da kilohaz 96 ta kuma fitar da sauti mai sirantakar da ta kai kilohaz 40, alhali kunnen yaro mai lafiya a kilohaz 20 yake tsayawa, na babba ma bai kai nan ba.

In da iyafis na Bluetooth za ka saurara, duk abin da aka faɗa a sama ya faɗi, domin DAC da amfilifayar na'urar ba sa aiki a lokacin, na cikin iyafis ɗin ne ke yi. Abin dubawa kawai shi ne salon matse sautin da ɓangarorin biyu suka sani: SBC na kowa ne, sai AAC, aptX, da LDAC mai kaiwa kilobit 990 a daƙiƙa. In ɗaya ya san LDAC ɗayan bai sani ba, sai su koma wanda suka haɗu a kai.

Fayil ɗin da za ka zuba

Nan ne aka fi yin asara. Na'ura mai kyau ba ta gyara mummunan fayil, tona masa asiri take yi. Waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka matse, aka tura daga waya zuwa waya, sannan mai dawunlodin ya zuba maka a memori, tana iya zama kilobit 64 ko 96 a daƙiƙa, wato an zubar da yawancin bayanan sautinta. A sifikar waya ba za ka lura ba. A iyafis mai kyau za ka ji sautuka masu siriri suna yin wani caɓal-caɓal kamar ana kaɗa su cikin ruwa, harafin s na mawaƙi yana tsatsa.

Ga ma'auni. Faifan CD yana da bit 16 da kilohaz 44.1, wato kilobit 1,411 a daƙiƙa, kusan megabait 10 a minti in an ajiye shi a WAV. FLAC yana rage wannan zuwa kusan rabi ko ɗan fiye ba tare da zubar da komai ba, waƙar minti huɗu ta kama megabait 25 zuwa 30. MP3 mai kilobit 320 na cin megabait 2.4 a minti, mai 128 kuma ƙasa kaɗan da megabait 1. A gwajin da ba a gaya wa mutum wanne ake kunna masa ba, mafi yawan mutane ba sa iya bambanta MP3 mai 320 ko AAC mai 256 da FLAC. Don kiɗa, kada ka sauka ƙasa da 192. Don murya zalla, kamar wa'azi ko darasi, 64 zuwa 128 sun wadatar.

Mayar da MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar, girman fayil kawai yake ƙarawa, kuma irin waɗannan jabun FLAC sun cika intanet. Da manhajar Spek ta kyauta a kwamfuta ana gane su: buɗe fayil ɗin ka dubi hoton. In launin ya yanke ƙaf a kan kilohaz 16 kamar an sa reza, asalinsa MP3 ne mai 128. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset daban ne, su tun asali ba su da sautin sama sosai, kuma ba laifin kowa ba ne.

Mai Android ko marar Android

Na'urori sun kasu gida biyu. Masu Android, irin Sony NW-A306, suna hawa Wi-Fi, ana sa musu Spotify ko Audiomack ko YouTube Music. Kuɗinsu ya fi yawa, sun fi girma, batirinsu ya fi saurin ƙarewa, kuma sigar Android ɗinsu takan tsaya inda aka sayar da ita, bayan 'yan shekaru wasu manhajoji su ƙi hawa. Yawancinsu ba su da wurin layin waya, don haka a hanya sai ka kunna musu intanet daga wayarka, ko ka sauke waƙoƙin tun a gida.

Marasa Android, irin Shanling M0 Pro da girmanta bai fi kwalin ashana da yawa ba, ko jerin HiBy R3, suna kunna abin da ke cikin memori. Ga wanda tarinsa ke hannunsa, kuma data ke masa tsada, su ne zaɓi. Awannin batir da aka rubuta a kwali ana auna su ne da allo a kashe, ƙara matsakaiciya, sau da yawa da MP3. Cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu ka samu abin da za ka gani a zahiri.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a tallata su amma su ne ke sa mutum ya so na'ura ko ya jefa ta durowa. Maɓallai na zahiri a gefe, don ka canza waƙa tana aljihu. Tuna inda aka tsaya: in ka dakatar da tafsiri mai awa ɗaya da rabi a minti na hamsin, ka kashe na'urar, gobe ta ci gaba daga nan ko ta koma farko? Kunna waƙa bayan waƙa ba tare da gibi ba. Buɗe fayiloli ta folda, ba sai ta sunan mawaƙi ba, domin yawancin fayilolin da ke yawo a wayoyinmu ba su da bayanan ciki, na'ura sai ta tara su duka ƙarƙashin wanda ba a sani ba. Nuna haruffan ƙ da ɗ da ɓ da rubutun Larabci; masu araha sukan nuna akwatuna a madadinsu. Sannan rediyon FM, wanda abin mamaki na'urori masu tsada ne suka fi rasa shi. In sauraron labarai na cikin bukatunka, tambaya tun kafin ka biya.

Memori

Katin microSD mai gigabait 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin FAT32, mai 64 zuwa sama kuma da exFAT. Wasu na'urori masu araha FAT32 kaɗai suka sani, sai ka sa kati mai 64 su ce babu kati. Maganinsa a yi wa katin fomat zuwa FAT32 a kwamfuta, da sanin cewa wannan tsari ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, abin da ba ya damun waƙa. In na'urar na da zaɓin yin fomat da kanta, bar ta ta yi. Wasu ƙanana kuma suna da iyakar adadin fayilolin da za su iya lissafawa, dubu biyu ko huɗu, sauran su ɓace daga jeri duk da suna cikin katin.

Kati mai 64 kwamfuta za ta nuna shi kusan 59, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Zai ɗauki waƙoƙin FLAC kusan dubu biyu, ko MP3 mai 320 kusan dubu shida. Karatun Alƙur'ani cikakke mai tsawon awa 30 a kilobit 128 bai kai gigabait 2 ba. Sa wa surori lamba mai gurbi uku, 001 zuwa 114, in ba haka ba na'ura za ta jera 1, 10, 100, 101 kafin ta zo 2.

Jabun kati shi ne babbar annoba. Ana ɗaukar mai gigabait 8 a sauya masa bayani ya riƙa cewa shi 128 ne. Zai karɓi duk abin da ka zuba ba musu, amma da zarar ainihin wurin ya cika, sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho, sai wata rana ka tarar da waƙoƙi suna tsalle ko sun ƙi buɗewa. Kafin ka zuba komai, gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux da Mac: suna cika katin su karanta shi gaba ɗaya su faɗi girmansa na gaskiya. Saurin kati ba abin damuwa ba ne, wanda aka rubuta Class 10 a jikinsa ya isa.

Gwaji kafin biya

Je da iyafis ɗinka da katinka, da waƙoƙi huɗu ko biyar da ka sani ciki da bai. A ciki a samu mai murya zalla, mai ganga mai nauyi, da mai kayan tsirkiya irin kukuma ko gurmi.

Soka iyafis, kada ka kunna komai, ka saurara. In akwai shuuu, za ka ji shi nan. Taɓa allo, ka kunna Wi-Fi in akwai, ka ji ko wani ƙiris-ƙiris na shigowa. Kunna waƙa a ƙara mafi ƙanƙanta ka tabbatar kunnuwa biyu daidai suke, kuma matakin farko bai yi maka ƙarfi ba, don wasu na'urori daga shiru sai tsawa. Juya filogi a hankali cikin ramin; in sauti na yankewa, ramin ya saki. A waƙar kalangu, saurari yadda muryar gangar ke hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsirkiya: ya kamata ka ji kowane bugu da gefensa, ba guɗa ɗaya mai gunji ba.

In kana kwatanta na'urori biyu, ko na'ura da wayarka, daidaita ƙararsu tukuna. Kunne yana ɗaukar wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba. Kashe duk wani ƙarin armashi na sauti da aka kunna a saituna kafin ka yanke hukunci.

Na hannu kuwa, batir ne abin tsoro. Kwantar da na'urar a kan tebur ka duba ko tana lilo, ko bayanta ya ɗago, ko allon ya fara rabuwa da jiki. Wannan batir ne ya kumbura, a bar ta ko nawa ne. Kunna ta minti goma sha biyar ka ga kaso nawa ya sauka. Walkman da aka yi wa kasuwar Turai ana ƙayyade musu ƙara saboda dokokin can, don haka wadda aka shigo da ita daga Ingila ko Jamus tana iya gaza tuƙa babban hedifon da 'yar'uwarta ta Japan ke tuƙawa.

Wannan doka ba banza aka yi ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Iyafis mai toshe kunne da kyau yana taimakawa a nan, don ba sai ka ƙure ƙara ka danne kukan janareto ko na Keke Napep ba.

Caji, zafi da ƙura

Batirin litiyom ba ya shiri da zafi. Na'urar da aka bari a gaban mota da rana a watan Afrilu, ko ake cajinta tana kunne cikin aljihu, batirinta zai tsufa da wuri. Yi caji a inuwa da caja mai bolt 5, ka cire ta in ta kai 80 ko 90. Wasu na'urori suna da saitin da ke tsayar da cajin da kansa. Kada ka bar ta a sifili na makonni, domin batirin na iya sauka ƙasa da inda zai sake karɓar caji. In za a ajiye ta, a bar ta a kusan rabi.

Idan sabuwar na'ura mai ramin USB-C ta ƙi caji da igiya mai kan C a gefe biyu, kafin ka ce ta lalace gwada igiya mai babban kan USB a ɗaya gefen. Wasu masu araha ba a sa musu 'yan resistocin da ke gaya wa cajar zamani ta saki wuta ba.

Lokacin hunturu ƙura da zaren aljihu kan taru a ramin iyafis har filogi ya ƙi shiga ƙarshe, sai kunne ɗaya ya ɗauke ko murya ta yi nisa. Kashe na'urar ka zaƙulo dattin da tsinken sakace na itace, ba allura ba. Ɗan tartsatsin da kan cije ka a kunne a wannan lokaci lantarkin da ke taruwa a tufafi ne saboda bushewar iska, yana bin igiya ya sauka. Ya fi yawa da iyafis mai jikin ƙarfe da rigar leda, kuma yana raguwa in ka sa ta auduga ko ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa iyafis.